Yis Bai San Rosta Ba

Duk sojan da ya ce maka ya san inda zai kasance ranar Alhamis ta makon jibi, ko dai sabon shiga ne, ko kuma shi ke rubuta rosta. Ni aikin karɓa-karɓa nake yi a ɗakin sadarwa: rana biyu, dare biyu, awa 12 kowanne, sai hutun kwana huɗu. A takarda ke nan. A zahiri hutun nan naka ne muddin babu wanda ya kwanta ciwo, babu baƙon da za a yi wa fareti, babu kuma wani kwas da aka tuna da shi a daren jajiberi. A cikin wannan hali nake koyon dafa giya, da niyyar in na ajiye kaki ita ce sana'ar da zan kama. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba sa kusantarta, kuma ban zo jan kowa ba. Wanda dai ke riƙe da aikin dare da hannu ɗaya, da wata sana'a da ɗaya hannun, zai gane abin da nake faɗi.

Da farko lissafina duk a kan ranar dahuwa ya tsaya. Awa shida take ci in an haɗa da wanke-wanke: a jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir a ruwa mai zafin digiri 66 na awa guda, a tace, a tafasa da furen hops, wanda ke ba giya ɗaci, na wata awa, a huce da sauri zuwa kamar digiri 20, a zuba yis. Na ce ai mai hutun kwana huɗu ba zai rasa awa shida ba. Kuma ban taɓa rasawa ba. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba.

Abin da ke biyo baya shi ne matsalar. Daga sa'ar da ka zuba yis, agogo ya bar hannunka. Kwana uku na farko su ne masu zafi, a zahiri ma, domin tsimuwar kanta tana haifar da ɗumi, cikin bokitin yakan fi ɗakin zafi da digiri biyu zuwa huɗu. Yis ɗin da aka fi amfani da shi a gida yana son tsakanin 18 da 22. In ya haura sosai sai giyar ta fito da wari mai yaji kamar na fenti, kuma babu gyara. Ni kuwa sau tari waɗannan kwanakin suna faɗawa ne daidai lokacin da nake zaune gaban rediyo ina jiran gari ya waye. Wannan na magance shi da tsohon firji da 'yar na'urar da ke kunna shi tana kashe shi gwargwadon zafin da ka saita mata. Kuɗi ne ya yi maganinsa, ba dabara ba.

Wanda kuɗi bai yi magani ba shi ne na ɗurawa a kwalba.

Na dafa lita 20, kaurin ruwan ya fara daga 1.050 a ma'auni, ina sa ran ya sauka zuwa 1.010 in yis ya gama cin sukarin da ke ciki. Ana cikin mako na farko, na sauka daga aikin dare da safe ke nan, saje ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Kofur, ka haɗa kayanka, gobe da asuba za ku tashi. Wata guda ne, ƙila ya ɗara." Na ce, "Oga, ai sunana ba ya ciki." Ya ce, "Yanzu yana ciki." Wanda aka sa tun farko ya samo hanyar zamewa, ban san ta yaya ba, kuma har yau in na gan shi a mes, wurin cin abincinmu, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Na iso gida na fi awa 20 ban runtsa ba. Na duba bokiti, makullin iskar da ke kan murfi ya daina tsartuwa. Na auna sau ɗaya, na ga 1.020. Ga kuma wata magana da na sha karantawa tana yi mini yawo a ka: wai kada ka bar giya a kan yis ɗinta fiye da mako biyu, yis zai mutu ya fashe ya ba ta ɗanɗanon roba. Sai na ce, in na bar ta wata guda ta lalace. Gara in ɗura yanzu. Na narka sukarin da yis zai ci ya ba giyar iska a cikin kwalba, kamar yadda aka saba, giram 6 a kowace lita, na ɗura, na buga murafu, na jera a kwali a lungun da muke ajiye kaya kusa da kicin, na kwanta.

Ga lissafin da ban yi ba. Giyar kwalba ta yau da kullum tana ɗauke da iskar kabon da ta ninka yawan ruwanta kamar sau biyu da rabi. Kwalbar gama-gari tana jure wajen uku, ko sama kaɗan. Kowane ɗigo ɗaya na ma'aunin kauri da yis ya ci a rufaffiyar kwalba yana ƙara kusan rabin ninki. Ni ɗigo goma na bar masa, daga 1.020 zuwa 1.010, wato ninki biyar, sannan na ɗora masa sukari a kai. Abin da na jera a lungun nan ya haura ninki bakwai. Ina aiki da mutanen da ke kwance bama-bamai, amma ban ga nawa ba da na haɗa shi da hannuna.

Ana cikin mako na biyu matata ta same ni a waya. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Baban Yara, me ka ajiye mana a gidan nan?" Kwalba biyu sun tashi da tsakar dare, ta uku ta tashi da rana, 'yarmu ƙarama ta wuce ta wurin ba da jimawa ba. Gilashi ya huda kwali ya kafe a jikin ƙofar katako. Ina can inda ba zan iya dawowa ba, ba zan ma iya faɗin inda nake ba. Abin da na iya kawai shi ne na ce kada ta taɓa, ta lulluɓe da bargo mai kauri, ta rufe ƙofar, na kuma roƙi wani abokin aikina da ke hutu ya je. Ya sa tabarau da safar hannu, ya kai su cikin sanyi su lafa, sannan ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a waje. Ya ce kowacce sai da ta yi feshi sama da tsawonsa. Babu wanda ya ji ciwo. Har yanzu in na rubuta wannan jimlar sai na sake karanta ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai na gano shi ne daga baya: da na ja ƙofa na yi tafiyata, babu abin da zai sami giyar. Maganar mutuwar yis ɗin nan gaskiya ce a manyan tankokin kamfani, inda nauyin dubban litoci ke danne yis a ƙasa cikin ɗumi. A bokitin lita 20, da lafiyayyen yis, a wuri mai sanyi, mako huɗu ba komai ba ne. Sau tari ma ta fi kyau, domin yis yana komawa ya share abubuwan da ya zubar da farko, irin mai warin man shanu da mai warin ɗanyen tufa. Wato mataki ɗaya tak da ba ya son gaggawa shi na gaggauta, don tsoron abin da ba zai faru ba. Masu yaɗa wannan shawara ba tare da faɗin girman tankin da suke magana a kai ba, Allah Ya shirye su.

Tsayawar kumfa a makullin iska kuma ba shaida ba ce cewa tsimuwa ta ƙare. Murfi na iya yoyo, sanyi na iya sa yis ya lafa ya farka daga baya, kuma ina zaton na biyun ne ya same ni. Shaida ɗaya ce: ma'auni ya ba ka lamba ɗaya yau, ya sake ba ka ita bayan kwana uku, kuma lambar ta yi kusa da inda kake tsammani. Wanda ba shi da kwana ukun nan ba shi da izinin ɗurawa. Ba ni da su ranar.

Sai batun barci, wanda mu sojoji muke ɗauka kamar abin kunya ne a ambata. Bincike ya nuna mutumin da ya yi awa 17 a farke, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, wanda a ƙasashe da dama shi ne iyakar tuƙi. Ni na wuce nan da nisa lokacin da na tsaya gaban bokitin ina yanke hukunci. Ban sha ko ɗigo ba, amma a buge nake. Yanzu ranar da na sauka daga dare ba na taɓa komai sai wanki. Ba na aunawa, ba na ɗurawa, ba na ɗaga tukunyar tafasasshen ruwa. Ɗanɗanawa kuwa sai a tsakiyar hutu, nesa da duti, domin babu kwamandan da zai saurari bayanin cewa kurɓa ɗaya ce ta gwaji.

Na sauya tsarin gaba ɗaya. Ba na tambayar kaina ko ina da awa shida. Ina tambaya ne: in aka kira ni gobe na ɓace wata guda, wannan giyar za ta iya jira? In amsar a'a ce, ba na kunna wuta. Na bar nau'o'in da ake zuba musu hops a ƙarshe, masu son a ɗura su a kan kari. Na koma kan lager, wadda yis ɗinta ke aiki a digiri 8 zuwa 13, sannan ta kwanta makonni a sanyi kusa da ƙanƙara. Mutane na cewa ta fi wuya. Ga mai rosta irin tawa ita ce mai sauƙi, don rashina ma wani sinadari ne a cikinta. In kuma hutun ya tabbata, akwai yis ɗin kveik na manoman Norway, wanda ke aiki a digiri 30 zuwa 40 ya gama cikin 'yan kwanaki. Na kuma bar kwalba na koma tulun ƙarfe mai bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa. Wannan sharaɗin matata ne kafin ta yarda a sake kunna tukunya a gidan, kuma ba a cikin gidan ba ma, a rumfar baya.

A bincika doka tukuna, ta ƙasa da ta bariki. Birtaniya ta cire buƙatar lasisi ga mai dafawa don kansa a 1963, Amurka ta halatta a 1978, wasu ƙasashen kuwa haramun ne ɗungurungum. Sayarwa wani babi ne daban a ko'ina, kuma soja da ke bakin aiki ba ya buɗe kasuwanci sai da izini a rubuce. Ni ban taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba.

A wani dogon hutu na samu wani ƙaramin kamfani ya bar ni in taya su aiki kyauta. A nan na sha mamaki na biyu. Ina zaton zan tsere wa aikin dare ne in na yi ritaya, ashe tanki ma ba ya barci. Manyan kamfanoni dare da rana suke juyawa, ƙananan kuma mai dahuwa tun asuba yake shigowa. Rubuta sabon haɗi, abin da nake mafarki, bai kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ba. Sauran wanki ne da soda mai ƙuna, jan tiyo, ɗaukar buhun tsiro mai kilo 25, mirgina tulun lita 50 wanda in ya cika ya haura kilo 60, da kiyaye iskar kabon da ke taruwa a ƙasan tanki ta kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba. Shugaban dahuwar bai tambaye ni ko na iya haɗi ba. Littafin da nake rubuta kowane awo da sa'arsa ya karɓa ya duba, har shafin da na rubuta 1.020 na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya tambaye ni labarin, na ba shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce wanda ya iya miƙa duti da cikakken bayani, ya bi jerin matakai ƙarfe uku na dare ba tare da ya tsallake ɗaya ba, shi suke nema. Ban ji daɗin dariyar ba, amma na riƙe maganar.

Karatun ma ana iya yinsa daga nesa. Cibiyar masu wannan sana'a ta Landan, wadda a da aka fi sani da IBD, tana da jarrabawar matakin farko da mutum zai shirya wa a ɗakinsa. Jami'ar Heriot-Watt ta Edinbara tana da digiri na biyu da ake yi ta intanet, makarantar Siebel da aka kafa a Chicago ma tana da kwasa-kwasai irin haka. Ni ta farkon nake shirya wa. Daren da layi ya yi shiru, tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, nakan buɗe babin sinadaran da ke narka sitaci su mai da shi sukari. Bayan ƙarfe uku ba na wahalar da kaina, ido na bin layi ne kawai, kai ba ya ɗauka.

Na cike takardar neman hutu don ranar jarrabawar tun da wuri, na kai wa saje hannu da hannu, na tsaya har ya sa hannu. Ya ce in ba wani abu ya taso ba, babu matsala. Na biya kuɗin rajista duk da haka. Akwai lager a firji yanzu, tana 1.011, kuma ba zan taɓa ta ba sai na dawo daga atisayen da aka sanar mana jiya.