Lensi ɗaya daga 18 zuwa 400: abin da ya iya da inda yake gazawa

Abin da ya sa na koma tafiya da lensi ɗaya mai dogon zum shi ne ƙura, ba nauyin jaka ba. A lokacin hunturu, duk sanda ka cire lensi don sauya wani, ƙurar da ke yawo a iska tana samun hanyar shiga cikin kyamara ta zauna a kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a ciki. Ba za ka gane ba sai ka ɗauki sararin sama a f/16, wato ƙofar hasken lensi a tsuke, ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Don haka na ɗaura lensin Tamron 18-400mm f/3.5-6.3 a kan Nikon mai ƙaramin sensa, na yi Yankari da hawan sallah na Kano da shi ba tare da na cire shi ba.

Lensin ya fito a 2017, nauyinsa ya ɗan haura giram 700, bakinsa na ɗaukar filta mai milimita 72. A kan Nikon mai ƙaramin sensa ana ninka lambar zum sau 1.5, wato yana aiki kamar milimita 27 zuwa 600 a kyamara mai babban sensa. A kan Canon sau 1.6 ne, ƙarshensa ya kai 640. Da murɗawa ɗaya ka tashi daga faɗin fili ka kai kan fuskar mahayi.

Kuɗin wannan sauƙi da haske ake biyansa. A 18 ƙofar haske tana buɗewa har f/3.5, amma kana jan zum tana tsukewa, a ƙarshe ta tsaya a f/6.3. Hasken da ke shiga ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Da rana tsaka babu damuwa. Matsalar hawan Daushe ita ce da yamma ake yinsa, kuma lokacin da dawakai suka fara jahi rana ta riga ta yi sanyi, ga ƙurar kofato ta tare sauran hasken. Doki a guje yana buƙatar shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta ƙyafta a 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafu su narke. A f/6.3 wannan na nufin ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, zuwa 1600, bayan ɗan lokaci 3200, hoton ya fara yin tsakuwa-tsakuwa. Na zaɓi tsakuwar, domin ita ana rage ta a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai gogewa. Abin da nake yi yanzu: in sa kyamara a M, wato saiti da hannu, shata 1/1000, ƙofa f/7.1, in bar ISO ya riƙa sauya kansa, in kafa masa iyaka a 3200.

Kada na'urar hana girgiza ta ruɗe ka. Rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da doki. Ko ga abin da ke tsaye, a 400 ba na sauka ƙasa da 1/500 sai in na jingina da mota ko bango.

Kaifin hoto ba ɗaya ba ne a duk tsawon zum ɗin. Daga 24 zuwa wajen 200, a f/8, ba ni da ƙorafi. Daga 300 zuwa sama gefuna suna laushi, kala ta dusashe. Sau da yawa hoton da na ɗauka a 300 na yanke daga baya ya fi wanda na ɗauka a 400 kyau. Wani lokacin ma ba laifin gilashi ba ne: a Yankari da azahar, zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa duk abin da ke nesa ya riƙa rawa, ko lensin miliyoyi ka ɗaura haka za ka samu. Dabba ta nesa, da sassafe ake nemanta. Kuma tsuke ƙofa fiye da f/11 ba ya ƙara kaifi a ƙaramin sensa, ragewa yake yi.

A 18 layuka suna kumbura, bango miƙaƙƙe ya fito kamar cikin tulu, musamman in ya faɗo a gefen hoto. Ja baya kaɗan ka ɗauka a 24. Farin rawani a rana kuma yakan fito da zare shuɗi-shuɗi ko kore a bakinsa. Duka biyun manhajar gyaran hoto ta Lightroom na gyara su da dannawa ɗaya, in dai a RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ci mini hotuna kafin in gane su. In ka rataya kyamara baki ƙasa, nauyin gilashi yakan ja zum ya zazzago da kansa; akwai makulli a jiki, amma a 18 kaɗai yake kamawa. In ka kunna filashin kan kyamara da hular lensi mai tare rana a ɗaure, inuwa mai kama da rabin faifai za ta fito a ƙasan hoto, sai ka cire hular. Bayan magariba fokas yakan yi ta kai da komowa bai kama ba. Ɗigon fokas na tsakiya ya fi sauran ƙarfi, da shi nake kamawa sannan in gyara tsayuwar hoton.

Ƙurar ma ba ta ƙyale ni gaba ɗaya ba. Lensin yana miƙewa yana komawa kamar zugazugin maƙeri, yana zuƙar iska duk sanda ka murɗa. Kafin in mayar da shi ciki nakan share jikin da ya fito da busasshen ƙyalle, gilashin gaba kuma in fara hure shi da roba mai busa iska kafin ƙyalle ya taɓa shi, don yashi na karce gilashi.

Abu ɗaya na ƙara a aljihu: lensi 35mm f/1.8 na Nikon, giram 200. Yana shigar da haske fiye da sau goma na f/6.3, shi ne na kasuwar dare da cikin zaure. A ɗaki nake sauya shi, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa, fanka ma a kashe.