TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Ciwon Hajiya da cikina na fari

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce mun tsaya inda laulayi ya fara sakina na dawo cin tuwo, to daga nan ne aka shiga wani babin.

Lokacin bazara ne, zafin Kano ɗin nan da ko fanka iskar wuta take hurowa, cikina ya shiga wata huɗu. Hajiya surukata ta fara kukan gefen bayanta na dama yana mata zugi kamar an ɗora garwashi, babu ƙurji babu komai, har Yaya Babba yana cewa ko sanyin ƙashi ne. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙuraje masu ruwa sun fito a jere daga tsakiyar baya suka zagayo ƙarƙashin nono suka tsaya, ɗaya gefen ko ɗigo babu. Gidan gandu muke, sashenmu shi ne ke jikin nata, kuma ni ce amarya, to wa zai yi jinya in ba ni ba? Ni nake dafa ruwan dogonyaro in gasa mata, ni nake shafa mata maganin ƙaiƙayin nan kalamin da hannuna, ni ke wanke zannuwanta. Kuma wallahi da zuciya ɗaya nake yi, matar nan ta riƙe ni tamkar ita ta haife ni.

Ranar awona maigidana Abban Walid ya ce mu tafi da ita a duba ta gaba ɗaya. Likitar tana ɗaga mayafin ta ce wannan shingils ne, ƙwayar cutar ƙarambau ce da Hajiya ta yi tun tana yarinya, ba ta barin jiki, kwanciya take a jijiya shekara da shekaru sai girma ya zo ko jiki ya yi rauni ta farka ta bi layin jijiya ɗaya, shi ya sa ba ta tsallaka rabin jiki. Sai ta kalli cikina ta ce, wa ke shafa mata magani? Na ce ni. Ta ce kin taɓa yin ƙarambau? Na yi shiru.

Ta zaunar da ni ta min bayani a tsanake, Allah ya saka wa baiwar Allahn nan. Ta ce ba a ɗaukar shingils daga wani, amma ruwan ƙurajen yana iya sa wa wanda bai taɓa ƙarambau ba ƙarambau, kuma ba nan take yake nunawa ba, daga kwana 10 har 21 yana iya ɓoyewa. In na taɓa yi ina ƙarama to shikenan jikina ya san ta, ni da abin da ke cikina ba abin da zai same mu da yardar Allah. In ban taɓa ba nan ne maganar take, don a ƙasashe masu zafi irin namu mutane da yawa suna girma ba su yi ba. Mai ciki in ta kamu yana iya sauka mata a huhu ya zama nimoniya mai tsanani, musamman in cikin ya tsufa. Shi kuma jariri, in uwa ta kamu kafin sati 20 akwai 'yar barazana, kamar 2 cikin 100 a mafi yawa, ya zo da tabo a fata ko matsalar ido ko ƙwaƙwalwa ko hannu ko ƙafa ba su girma daidai ba. Ta ce kaɗan ne, ki riƙe cewa kaɗan ne. Ni kuwa 2 ɗin nan kawai kunnena ya ɗauka, sauran 98 ɗin ban ma ji su ba.

A bakin ƙofar asibitin na kira Umma. Umma na yi ƙarambau? Ta ce ke da kika yi ƙyanda har idonki ya rufe. Na ce Umma ba ƙyanda ba, ƙarambau, mai ƙuraje da ruwa. Ta ce to akwai shekarar da ya zaga gidan kaf amma ta manta ko lokacin ina wajen Gwaggo a Zariya. Dan Allah iyaye mata ku dinga riƙe irin wannan, ko a bayan katin rigakafi ne ku rubuta, rana ɗaya 'yarku za ta buƙace shi.

Aka ɗebi jinina za a gwada ko ina da garkuwa, aka ce sai an tura wani lab. Likita ta ce kafin sakamako ya fito kar in ƙara taɓa ƙurajen, kar in taɓa kayan da ta sa, a rufe wajen da tufa har sai sun bushe sun yi ɓawo. Ta ce in na ga ƙurji ko ɗaya ko zazzaɓi in kira ta ranar, kar in kwana, don maganin da ake ba da shi, asaikulobiya, ya fi aiki in an fara cikin awa 24 da fitowar ƙurji, kuma kar in shigo layin awo in zauna cikin masu ciki. Allurar rigakafin ƙarambau akwai ta amma ba a yi wa mai ciki, kuma ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi wa yara kyauta, sai asibitin kuɗi.

Abin da ya fi min ciwo a kan jiran sakamakon shi ne gida. Ta yaya amarya za ta ce ta daina jinyar uwar miji? Washegari ina jin faccalata daga kicin tana cewa ai dama 'yan boko ba sa rasa dalili, ciki kan ta aka fara, mu da muka haihu biyar biyar muna wankin kashi. Ƙanwar mijina ta zo daga gidanta ko gaisuwata ba ta amsa ba, wai ina ƙyamar uwarsu. Na shige ɗaki na yi kuka mai isata, ga tsoro ga baƙin jini, ina shafa cikina ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da magariba Hajiya ta aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa na durƙusa, ta ce a tara mata matan gidan duka. Tana kishingiɗe da kyar take magana saboda zugi, ta ce ni na ji abin da likita ta faɗa da kunnena, yarinyar nan jikana take ɗauke da shi, daga yau duk wadda ta san ta yi ƙarambau ita za ta dinga shafa min magani, ke kuma 'yata koma ɗakinki, in kin dafa kunu ki aiko. Tsit kake ji. Ita faccalar tawa da tabon ƙarambau a goshi kowa na gani, ita aka miƙa wa kwalbar kalamin.

Ana cikin haka, sakamako bai fito ba, da safe ɗan faccalar tawa mai shekara 5 wanda kullum yana kan cinyar kakarsa, yana kuma shigowa ɗakina cin biskit, ya tashi da zazzaɓi da ƙuraje a ciki da baya. Kuma likita ta riga ta gaya min shi ƙarambau ta iska yake bi, tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurji ya fito mutum yake yaɗa shi. Ina tsaye da wayata a hannu ina neman lambarta sai ga kiran lab ya shigo.

Mu haɗu sati mai zuwa in Allah ya kai mu.