Ɗan fil ɗin da ya kayar da sandar jirgi

Lokacin da na fara koyon aikin ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, idona duk yana kan manyan kaya ne: doguwar sandar alminiyam da ke tsaye a tsakiyar jirgi, da farin ƙyallen da ke kama iska. Wayoyi ukun da ke riƙe da sandar, ɗaya a gaba, biyu a gefe, ban ɗauke su a bakin komai ba, balle ɗan fil ɗin nan mai ƙafa biyu da ake buɗewa, wanda ke hana ƙusar kowace waya zamewa.

Ranar da sanda ta faɗo mana, iskar ma ba wata mai ƙarfi ba ce. Ni na haɗa jirgin da safe, cikin ɗoki na zura fil a ƙusar hagu ban buɗe ƙafafunsa ba. Ga yadda abin yake: in iska na bugowa daga dama, wayar dama ce ke ɗauke da nauyin duka, ta hagu kuwa sai ta saki tana lilo. A cikin wannan lilon fil ya fice, ƙusa ta bi shi, ba wanda ya lura. Muna juya akalar jirgi, iska ta koma hagu, sai sanda ta kwanta cikin ruwa da ƙyallenta gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, ba ta sami kan kowa ba.

Maigidana bai yi mini faɗa ba. Da muka fito, sai ya miƙo mini tsumma ya ce, "Yaro, bi wayar nan da shi daga sama har ƙasa." Ina ja, tsumman ya maƙale dab da gindi. Irin wannan waya sili 19 ake murɗawa wuri guda, kuma ga sili biyu sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya. Da hannu na bi da sun yanke ni. Ya nuna mini cewa a nan waya ta fi mutuwa, inda ta shiga bakin ƙarfen da ya matse ta, domin ruwa na gangarowa ya kwanta a ciki, ya ci ta inda ido ba ya gani. Shi ya sa masu aikin nan da yawa ke sauya wayoyin in sun kai kimanin shekara 10, ko da suna ƙyalli. Sili ɗaya in ya tsinke, ba a gyara, sauyawa ake yi.

Daga nan na koyi duba sandar kanta. In ka ga farin gari kamar toka a kewayen noti, alminiyam ne ke ruɓewa saboda haɗuwarsa da ƙarfen notin cikin ruwan gishiri, sai a kwance a shafa abin da zai raba su. Miƙewarta kuwa, ka kwantar da kunci a gindinta ka leƙa sama, kowace karkata za ta fito fili. Kafin a ɗaga ta a tudu, a fara ɗaga kai a nemi wayar lantarki, domin wutar lantarki na bi ta cikin alminiyam, kuma an yi asarar rayuka ta haka.

Ƙyallen iska ya fi ba ni tausayi, don a hankali yake mutuwa. Yawanci da wani yadin roba da ake kira Dacron ake yin sa, kuma rana ce babbar abokiyar gabarsa: zaren ɗinki take fara cinyewa, har ka karce shi da farce ya tsinke. Barinsa yana kaɗawa haka kawai cikin iska ma karya yadin yake yi. Nakan ɗauraye gishirin da ruwan daɗi, in bari ya bushe sarai kafin in naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Yanzu kafin in tura jirgi cikin ruwa, sai na durƙusa na taɓa ƙusoshin nan uku ɗaya bayan ɗaya, na tabbatar ƙafafun kowane fil a buɗe suke, sannan in naɗe su da tef don kada su yaga ƙyalle.