Abin da Na Koya Wajen Auna Ɗakunan Asibiti da Ɗaliban Jinya Ke Koyon Aiki

Da aka ɗora mini aikin duba ɗakunan asibitin da muke tura ɗaliban jinya, na fara da takardar tambayoyi ta CLES+T, mai auna yanayin koyon aikin ɗaliban jinya a asibiti, wadda Mikko Saarikoski da abokan aikinsa suka fitar a ƙasar Finland a 2008. Tambayoyi 34 ne, ɗalibi na ba kowace maki daga 1 zuwa 5. Sun kasu gida biyar: yanayin koyo a ɗakin, shugabancin mai kula da ɗakin, yadda ake jinyar majinyata, alaƙar ɗalibi da nas ɗin da ke duba aikinsa, da kuma rawar malamin makaranta.

Kuskurena na farko shi ne raba takardar a cikin ɗakin, sista mai kula da wurin tana kai da komo. Kusan kowa 4 da 5 ya bayar. Ba mamaki, ita ce za ta sa hannu a littafin ɗalibi kafin ya bar wurin, wa zai ja da ita? Na sake rabawa a makaranta, babu suna, cikin makon da suka gama zaman ɗakin, sai amsoshin suka bambanta sosai, musamman a kan alaƙa da mai duba aiki.

Duk da haka takarda ba ta isa ba, gani ya kori ji. Yanzu kowane ɗaki sai na je masa sau uku: aikin safe, na rana da na dare. Da safe komai tsaf, likitoci na zagaye, manya na nan. Da dare ake gane gaskiya, domin a nan ne ake barin ɗalibin shekarar farko shi kaɗai da majinyaci mai ƙarin ruwa. Ina ƙirga nas nawa ke bakin aiki, gado nawa ke da mutum, da ɗalibi nawa ke ɗakin, har da na sauran makarantu. Jadawalinmu bai nuna waɗannan ba, alhali su ma allura ɗaya suke jira su yi.

Inda na fi daɗewa shi ne littafin ayyukan da ɗalibi ke cikewa. Sa hannu ya cika shafi, amma me ya tabbatar? Sai in zaɓi ayyuka biyar da aka sa wa hannu, kamar wankin ciwo, allurar tsoka, saka robar fitsari, lissafin ɗigon ƙarin ruwa da awon hawan jini, in tambayi ɗalibi: kallo ka yi, taimakawa ka yi, ko da hannunka ka yi? Wa ya tsaya a kanka? Ya gyara maka wani abu? Sau da yawa sai in tarar an sa wa shafi guda hannu a rana ɗaya, ranar ƙarshe. Ba mugunta ke jawo haka ba. Nas biyu da ke riƙe da ɗaki cike ba su da lokacin koyarwa, sai ɗalibi ya koma ɗan aike, daga ɗakin gwaji zuwa wurin karɓar magani. Wannan yana ci mini rai, domin irin wannan ɗalibin ne gobe zai ɗauki lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, a ba shi ɗaki shi kaɗai.

Duba kayan aiki ba ya cin lokaci. In buɗe famfo da kaina, in duba sabulu da safar hannu, in leƙa kwalin zubar da allura ko ya wuce kashi uku cikin huɗu. Sai in tambayi ɗalibi wurin wa zai je idan allura ta soke shi da tsakar dare. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfani. Ina kuma duba ko ya kammala allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B.

Rahoto kuwa ɗaki-ɗaki nake rubuta shi, ba asibiti dunƙule ba, don ɗakin haihuwa na iya yin kyau alhali na tiyata da ke maƙwabtaka da shi ya gaza. Kafin ya kai ofis, sai na zauna da sistar ɗakin mun karanta tare. Inda ɗalibai suka yi yawa muna raba su rukuni biyu, a rubuta sunan nas ɗin da ke da alhakin kowane rukuni a jikin jadawalin aiki, sannan in komo zango na gaba, da dare.