Ja da ɗorawa

Makon jiya na kwashe kayan aikina daga shagon da na yi shekara shida ina ɗaura wa motoci rediyo. Ba wani abin a zo a gani ba ne: mita, filaya biyu, ƙarfen dalma, sai robobin ɓanɓare dashbod da bakinsu duk ya cinye. A can ƙasan akwatin na ci karo da wani guntun filogi, wayoyinsa a datse, babu wadda ta kai tsawon ɗan yatsa. Shekara huɗu ke nan yana kwance a wurin. Ban jefar ba, ban kuma taɓa gaya wa yaran shago dalili ba.

Na wata mota ce ƙirar Turai, ta wani dattijo mai sanyin magana. Rediyon kamfani da ke cikinta faifai kawai yake ci, shi kuma yana son mai allo, ya riƙa ganin taswira, ya amsa waya ba tare da ya saki sitiyari ba, ya ga bayansa in ya sa ribas. Ya zaɓi wani mai aiki da Android, irin mai cika rami biyu. Gurbin ya yi daidai, domin ma'aunin ramin rediyo, wanda ake kira DIN, bai canza ba: faɗi milimita 180, tsayi 50 in ɗaya ne, 100 in biyu ne. Na ce a raina aikin awa ɗaya ne.

Na zaro tsohon, na ɗora mita a kan filogin motar ina neman wuta. Duk wanda ya riƙe filaya a sana'ar nan ya san karatun farko: waya mai ruwan ɗorawa wutar batir ce ta dindindin, ja wutar makulli ce, baƙa ita ce as, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota. Na samu ta dindindin, na samu as. Ta makulli ce ta ƙi bayyana. Na murɗa, na kashe, na sake murɗawa, ina bin ƙafafun filogin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tashi daga sifili zuwa 12. Sai wasu sirara guda biyu da aka tufke su kamar igiya, mita tana nuna musu 'yan volt kaɗan masu rawa. Nan na gane inda na shiga. Motar ba ta kunna rediyonta da wuta, da saƙo take kunna shi, ta layin CAN, wanda muke kira kanbos, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Ta nan take gaya wa rediyo an murɗa makulli, an kunna fitila, an sa ribas, an danna maɓallin sitiyari. Sabon rediyo ba ya jin wannan yare sai an sa masa ɗan akwatin da zai yi masa tafinta.

Na je na samu Oga. Na ce, “Oga, babu wutar makulli a filogin nan, sai da akwatin kanbos, kuma ba mu da na irin motar.” Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Kai dai ka cika kinibibi. Haɗa ja da ɗorawa ka ba su wuta ɗaya. In Alhaji zai fita ya danna ya kashe, shi ke nan.”

A nan nake so in tsaya, domin na yi shekaru ina ba da labarin kamar daga nan laifina ya ƙare. Bai ƙare ba. Na san akwai hanya ta uku. Da na jawo waya daga akwatin fis, daga gurbin da ke samun wuta sai an murɗa makulli, in sa mata nata fis, da rabin awa ya isa. Maɓallan sitiyari ba za su yi aiki ba, amma rediyo zai mutu tare da mota. Abin da ya hana ni, kalmar kinibibi ta sosa mini rai, ga wasu motoci biyu suna jira, sai na ce to, tunda haka yake so. Kuma akwai abin da Oga bai sa ni ba. Ba mu da filogin haɗi na motar, maimakon in ce a jira, na sa filaya na datse na kamfani tun daga gindi. Na fere wayoyi, na murɗe su da hannu, na naɗe da salatif, na cusa komai a rami na rufe. Allo ya kawo, kiɗa ya tashi, hoton baya ya fito bayan na ɗauko masa wuta daga fitilar ribas. Alhaji ya yi ta sa albarka, har ya damƙa mini wani abu a hannu.

Sai bayan mako biyar muka sake ganinsa, tare da wani mai gyaran lantarkin mota. Ashe muddin yana hawa kullum ba a ganin komai, altaneto yana mayar da abin da dare ya cinye. Ranar da ya ajiye motar kwana uku, ta ƙi tashi. Aka ce batir ne, ya sayi sabo. Shi ma ya kwanta. Aka ce altaneto ne, aka sauke aka canza. Sai a hannu na uku aka samu wanda ya cire kan batir na as, ya sa mita a tsakani, ya kulle ƙofofi ya jira mota ta yi barci. A gabanmu ya maimaita. Motar da ke lafiya ba ta cika wuce miliyamfiya 50 ba in ta kwanta. Wannan tana shan kusan 600. Ya zare fis ɗin rediyo, lamba ta faɗi ƙasa warwas. Maɓallin da Alhaji yake dannawa da gaskiyarsa allo da sauti kawai yake kashewa, kwamfutar ciki idonta biyu. Lissafin ba ya buƙatar takarda: sama da amfiya 14 na awa a kowace rana, daga batir mai 60. Kuma batirin dalma in aka yi ta tatse shi ƙarƙaf ba ya komawa yadda yake.

Oga ya zagayo ya leƙa ramin, ya jawo dunƙulen wayoyin, salatif ya riga ya saki saboda zafin dashbod, yana danƙo a yatsa. Ya juyo ya dube ni, a gaban Alhaji, a gaban baƙon, a gaban yara uku da nake koya wa aiki, ya ce, “Wa ya koya maka wannan aika-aikar? A shagona?”

Na buɗe baki na rufe. Har yau ina tambayar kaina me ya sa. Wani ɓangare tsoron rasa aiki ne, ba zan ɓoye ba. Amma babban dalilin shi ne guntun filogin da ke hannunsa. Da na ce shi ya sa ni haɗa ja da ɗorawa, zai ɗaga filogin ya ce, wannan fa? Kuma da gaskiyarsa. Laifi tudu ne, kowannenmu yana tsaye a kan nasa, sai dai nasa ba ya ganuwa, nawa kuwa ga shi ana juyawa a tafin hannu. Aka cire kuɗin batir da na akwatin kanbos daga albashina, wata uku ana yanka. Wannan bai dame ni kamar abin da Alhaji ya faɗa ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗana, ni ban san komai a bayan allon nan ba. Kai na sani.”

Kwana biyu na yi ina gyara abin da na ɓata cikin awa ɗaya. Na samo filogi irinsa daga motar da aka yanka, na zauna a kujerar gaba, hannuna biyu a cikin ramin da bai fi tafin hannu ba, ina haɗa waya da waya da dalma, ina zura wa kowace robar da ke tsukewa da zafi. Na kanbos ɗin nan biyu sai da na mayar musu da tufkarsu, domin ita ke kare saƙon daga hayaniyar lantarki. Da akwatin ya iso na soka shi, maɓallan sitiyari suka dawo, allo ya riƙa dusashewa in an kunna fitila, rediyo ya mutu da zarar an zare makulli. Na sa mita na zauna ina kallon lambar tana sauka har ta tsaya inda ya kamata. Oga bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Tun daga ranar ban sake datse filogin kamfani ba. In babu na haɗi, mota ta jira, ko ta tafi wani wuri. An yi mini gori a kan haka, an ce ina korar kasuwa. Ban kuma sake sallamar mota ba sai na kashe ta na auna abin da take sha a kwance, abin da ba ya cin minti ashirin.

Sauran abubuwan da na koya ba su zo da ciwo irin wannan ba. Launin waya a bayan Pioneer ko Kenwood ko Sony kusan ɗaya ne, fari da toka na sifikun gaba, kore da shunayya na baya, amma launin wayar mota ba alkawari ba ne, mita ce shaida. Motocin Volkswagen da yawa gurbin ja da na ɗorawa a juye yake a filogin rediyo na gama-gari da ake kira ISO, shi ya sa rediyo yake manta tashoshi duk safiya. Shuɗiya zalla ta eriya ce, mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya. Wanda ya musanya su zai ji sauti a tashar rediyo, ya koma kan waya ya ji tsit. Wayar sifika mai ratsin baƙi ba as ba ce, ka jingina ta da ƙarfen mota ka ƙona abin sauti nan take. Sifikar da aka juya wa wayoyi tana cinye ganga, wato sauti mai kauri, kuma ƙaramin batir mai volt 1.5 ya isa ya nuna maka ko gaba take turawa ko baya. Soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari ko kujera na jakar iska ne, ba a tsokanarsa da fitilar gwaji. Kukan da ke tashi a sifika tare da totur kusan kullum as ne bai kama ƙarfe mai tsabta ba.

Sai wat 50 sau 4 da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali. Ƙarfin da rediyon yake iya riƙewa a tsaye bai cika wuce 20 da 'yan kai a kowace sifika ba. Oga ya fi so a karanta wa mai saye abin da ke kwali a yi shiru. Ni nakan faɗa. Nakan kuma gaya wa mai motar da amfilifayarta ta kamfani ke karɓar sauti ta zaren haske, irin tsarin MOST na wasu Mercedes da BMW da Audi, cewa canza rediyo a motarsa ba ƙaramin aiki ba ne, wani lokaci ma barin na kamfanin ya fi masa alheri. Wayar birkin hannu da ke hana bidiyo tashi ana tafiya kuwa, mutane da yawa sun roƙe ni in haɗa ta da as. Na ƙi. Nakan ji daga baya an yi musu a shagon, ranar da ba na nan.

Ga masu tasowa, ba zan ce ku yi musu da oganku ba, kowa ya san inda abincinsa yake. Amma in aka ba ku umarnin da mita ta ƙaryata, ku maimaita shi da ƙarfi a gaban mutum na uku, cikin ladabi: “Oga, ka ce in haɗa ja da ɗorawa ko?” Za ku sha mamakin yawan umarnin da ke canzawa in aka ji shi a fili. Wasu manyan ƙwaƙwalwarsu tana da maɓalli irin na rediyon Alhaji, sai dai nasu yana kashe komai da gaske.

Bayan shekara biyu Alhaji ya dawo da motar ɗansa. Ya tsaya a bakin shago ya ce yaron nan da ya gyara masa filogi yake nema, ba ya son kowa ya taɓa sai shi. Oga ya washe baki ya dafa kafaɗata ya ce, “Ai ni na rene shi, Alhaji. Hannuna ne.” Na sunkuyar da kai na je na ɗauko mita.

Ranar da zan tafi mun yi sallama lafiya, ya yi mini fatan alheri, na yi masa godiya, kuma ba ta baki kawai ba ce, domin a wurinsa na fara riƙe ƙarfen dalma. Maganar ja da ɗorawa ba ta taso ba, kamar yadda ba ta taɓa tasowa ba cikin shekara huɗu. Ƙaramin yaron shago ya ga guntun filogin ya ce, “Yaya, in zuba wannan a shara?” Na karɓe na sa a aljihu. Na bar masa tsohuwar mitata, na nuna masa yadda ake ɗan murɗa baƙar wayarta kafin ta kama.