Hamasin a Alƙahira

Ɗan Kano ba baƙon ƙura ba ne. Cikin hunturu muka taso: hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, a shafa man kaɗanya a ci gaba da harka. Amma iskar da Misirawa ke kira hamasin ba 'yar gidan su hunturu ba ce, kuma sai da na je karatu Azhar na san haka.

Hunturu da sanyi yake zuwa, daga arewa maso gabas, ya share watanni yana zaune. Ita hamasin daga kudu take tasowa, daga cikin hamada, tsakanin Maris da Mayu, kuma da zafi take tafe kamar an buɗe bakin tanderu. Ba ta daɗewa, yini ɗaya ko biyu ta wuce, bayan kwanaki ta dawo. Masana yanayi sun ce wani sauyin iska ne ke bin gaɓar Bahar Rum daga yamma zuwa gabas, shi ke janyo iskar hamada ta kwararo arewa. Shi ya sa da ta lafa sai ka ji iskar teku mai sanyi, wani lokaci har da yayyafin da ke bar wa motoci ɗigon taɓo.

A Hayyul Ashir muke haya, cikin Madinatu Nasr, inda ɗaliban Afirka ke da yawa. Ranar hamasin da safe ba ka ganin komai sai wani irin cuku-cukun zafi. Kafin azahar sama ta koma ruwan ɗorawa, dutsen Muƙaɗɗam ya ɓace, direbobi su kunna fitila da rana tsaka. Mai gurasar bakin layinmu yakan lulluɓe kayansa da zane, amma duk da haka in ka tauna sai ka ji yashi yana ƙaras-ƙaras a haƙori.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta koya mana zama da hamasin. Ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce, "'Ya'yana, ku kwashe shanyarku daga baranda, ku rufe tagogi, ku jiƙa tawul ku toshe ƙasan ƙofa." Rufe taga cikin wannan zafin ba ƙaramin aiki ba ne, ɗaki ya yi tururi, zufa tana ɗiga kan littafi. Amma wanda ya buɗe don shan iska, shi zai kwana yana tari, ya wayi gari yana kakkaɓe littattafansa ɗaya bayan ɗaya.

Abokin zamana, wani Badamagare mai ciwon asma, shi ya fi shan wuya. Da ya ji sanarwar hukumar yanayi sai ya duba maganinsa na shaƙa, ya haƙura da darasin ranar. Mu da dole ta sa mu fita, rawani ko takunkumi muke sawa, da tabarau, da gorar ruwa a jaka. In mun dawo mu wanke hanci da ido, mu sha zoɓo, wanda can ma abin sha ne na kowa.

Kada a raina ƙarfin hamasin. A ranar 23 ga Maris 2021, cikin iska da ƙura irin ta wannan lokaci, katafaren jirgin ruwan nan Ever Given ya maƙale a gicciye a mashigin Suwez, ya tsayar da zirga-zirga kusan mako guda.

Sharar bayan hamasin kuwa ita ta fi haɗa mu rigima a gida. Tsintsiya ba ta amfani, sai dai ta sake tayar da ƙurar. Da jiƙaƙƙen tsumma ake bin ko'ina, har bayan firji da saman fanka. Da muka ga kullum wani na zillewa da sunan yana da hadda, sai muka rubuta jerin sunaye muka manna a bangon kicin, kuma muka ɗora wa mai zillewar sayo mana ruwan rake.