Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren Kofi da Cokali

A makon jiya na tsaya a inda muka sa autana a adaidaita sahu sai asibiti. Daminar 2021 ce, shekarar da kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a Najeriya. Yaro ɗan shekara 4, tun la'asar yake zawo fari tas kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun zurma.

Ni a raina, tunda an zo asibiti, ƙarin ruwa za a yi masa. Sista ta mintsini fatar cikinsa ta saki, ta miƙa masa ruwa ya wawura. Sai ta yaga ƙullin ORS, garin gishiri da sukari na masu zawo, ta juye a jug, ta zuba fiya wata leda 2, lita 1 ke nan, ta ba ni kofi da cokali.

Raina ya ɓaci. Ga na gadon kusa da mu an rataya masa ledar ƙarin ruwa har 2. Na ce, "Sista, don kin ga ba mu da shi ne? Ruwan gishiri da sukari ai ko a gida na haɗa."

Ba ta yi fushi ba, ko kuma gajiya ta hana ta. Ta ce, "Maman yaro, wancan ko haɗiya ba ya iyawa, shi ya sa muka nemi jijiya. Naki yana sha. Sukarin nan shi ke jan gishirin ya ratsa hanji, ruwa ya bi su, ko da zawon bai tsaya ba."

Haka na kwana. Cokali ɗaya, in ɗan jira, wani cokalin. Wajen ƙarfe 1 ya kelayo amai a zanina, na fashe da kuka. Ta leƙo ta ce in jira minti 10 in ci gaba a hankali, abin da ya zauna ya fi wanda ya fito. Hannuna ya sage, sauro kuwa ba a magana.

Ana kiran assalatu ya ce, "Umma, fitsari." Tun jiya da azahar rabonsa da shi. Ni da na sha dukansa kan fitsarin kwance, ranar har hamdala na yi.

Da za a sallame mu ta ba ni ƙwayar zinc, ta ce ɗaya kullum har kwana 10, kuma duk haɗin da ya yi awa 24 a zubar. Na so in ba ta haƙuri, kunya ta hana ni.

Mako mai zuwa za ku ji rigimar da muka yi da mai gidan haya a kan rijiya.